Ramin tsotse ruwan shadda ya daina sha, kuma ƙasan gidan dutse ne

Assalamu alaikum. Gidanmu yana Birni, a Damagaram. Shaddarmu ta siminti ce mai ɗaki biyu: ƙazanta na kwantawa a na farko, ruwan ya tsallaka na biyu, daga nan bututu ya kai shi wani rami mai tsakuwa inda ƙasa ke shanye shi.

Tun ruwan watan Agusta abin ya rikice. In an zuba ruwa a bayan gida sai ya yi gurnani ya tsaya, can ya sauka a hankali, da yamma kuwa wari ya cika tsakar gida.

Mota ta zo ta zuƙe shaddar, ba a yi wata guda ba ta sake cika, kuma ruwa ne tsagwaronsa, ba laka ba. An zura ƙarfe a bututu, babu toshiya. Bututun iska ma a buɗe yake. Da magini ya buɗe ramin tsakuwar, ruwa ne baƙi kwance, bango duk santsi, ƙasansa dutse, ba damar ƙara zurfi. Shawararsa a zuba gishiri da kananzir, ni ban yarda ba, kananzir zai kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar.

Don Allah masu sani, a wuri mai dutse irin wannan, dogon kwari marar zurfi da aka cika da tsakuwa zai iya maye gurbin ramin? Na gode.