Muhawarar zaure: kalmar "indict" da mutuncin kawuna

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Jama'a, yau raina a ɓace yake. An kafa kwamitin bincike kan kuɗin wasu kwangiloli a ma'aikatar da kawuna yake aiki. Rahoto ya fito da Turanci, aka ce kwamiti ya yi "indict" ɗin wasu jami'ai har da shi. Sai wani shafin labarai ya rubuta da Hausa wai "an same su da laifin sata". Mutumin da ko ƙofar kotu ba a kai shi ba! Tun daga ranar ya daina fitowa majalisar da yake zama bayan Magariba, asuba ma a ɗaki yake yin ta. Dangin yaron da zai auri 'yarsa sun aiko wai a ɗaga sa rana. Kalmar nan fa zargi kawai take nufi. Wa ke hukunta masu shafukan nan in sun zubar wa bawan Allah mutunci?

Baristan Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo wa kawu mafita. Amma ƙanena, gyara "zargi kawai" ɗin nan. Zargi kowa ma yana yi, maƙwabcinka zai iya zarginka a bakin shago. Wannan tuhuma ce ta hukuma, a rubuce, da laifuffukan a jere ɗaya bayan ɗaya. A Amurka, a manyan laifuffukan tarayya, ana tara 'yan ƙasa mutum 16 zuwa 23, mai gabatar da ƙara ya baje musu hujjojinsa a asirce. Lauyan wanda ake magana a kansa ba ya cikin ɗakin. In 12 suka yarda akwai abin kai wa gaban alƙali, to nan ne aka yi wa mutum "indict". Shari'ar ba a ma fara ta ba tukuna.

Maman Hanifa: Barista, ni dai ban ga bambancin zargi da tuhuma ba. A rediyo ma haɗa su suke yi, "wanda ake zargi", "wanda ake tuhuma", mutum ɗaya ne dai a hannun 'yan sanda.

Baristan Zariya: Hajiya, da bambanci. Wanda ake zargi yana ofishin 'yan sanda ana masa tambayoyi. Wanda ake tuhuma an riga an rubuta abin da zai amsa a gaban alƙali.

Maman Hanifa: A littafinku ne haka. Kakata tana cewa "ina tuhumarki da ɗaukar mini kuɗi", kuma ba ta taɓa ganin alƙali ba. Hausa ta girmi makarantar lauyoyi.

Bakatsine: Ku bar wannan kewaye-kewayen. Zargi ko tuhuma, ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikata nawa ne a wurin, me ya sa sai sunansa? Da Turanci manya suke ɓoye sata. Talaka ya ɗauki akuya a ce ɓarawo, babba ya kwashe kuɗin asibiti a ce an yi masa "indikt".

Malam Ticha: Ba "indikt" ake cewa ba, "indait" ne. Harafin c ɗin nan ba a furta shi. Daga tsohon Faransanci kalmar ta shiga Turanci ba tare da shi ba, daga baya masana suka cusa shi don rubutun ya yi kama da Latin, furucin kuwa ya tsaya yadda yake.

Bakatsine: To Bature, mun gode. Ana maganar dukiyar al'umma kai kana gyara mana baki.

Malam Ticha: Wanda bai iya faɗin kalma ba ta yaya zai yanke hukunci da ita? Koyarwa sana'ata ce, ba zan ga kuskure in wuce ba.

Alhaji Shugaban Zaure: Na taɓa zama sakataren irin wannan kwamiti kafin in yi ritaya. Ba a saka sunan mutum haka kawai. Ana kiransa, ana duba fayil, ana duba baucan biyan kuɗi da sa hannun da ke kai.

Ɗan Jimeta: Alhaji, da girmanka, mun ga abin da ake yi da kwamitoci. Kun manta 2007? Tun a 2006 gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamiti kan kuɗin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ya ambaci Atiku yana mataimakin shugaban ƙasa. A lokacin sashe na 137 na tsarin mulkin 1999 ya hana takarar shugaban ƙasa ga wanda kwamitin bincike ya yi wa "indict" kan almubazzaranci ko zamba, in gwamnati ta amince da rahoton. Da wannan INEC ta cire sunansa. Ranar 16 ga Afrilu Kotun Ƙoli ta ce INEC ba ta da ikon hana ɗan takara, aikin kotu ne. Kwana biyar kacal kafin zaɓe! A gyaran 2010 aka goge wannan sharaɗi daga tsarin mulki gaba ɗaya, don an ga yadda ya zama makami.

Bakatsine: Na san za a zo nan. An mayar da sunan nasa, sai ya ci? Na uku ya zo. Na ɗaya da na biyu duk 'yan Katsina ne, 'Yar'aduwa da Buhari. Kuma kotu cewa ta yi INEC ba ta da iko, ba ta ce ta wanke kowa ba. Ku 'yan abi-yarima kullum sai kare uban gida.

Ɗan Jimeta: Wanke shi daga me? Wace kotu ce ta kama shi da laifi? Kawo mana sunanta. Zaɓen da shi wanda ya ci ya yarda da bakinsa akwai kurakurai a ciki shi kake mana alfahari da shi? Naku da ya yi shekara takwas, me ka samu banda tsadar masara?

Bakatsine: Kada ka ƙara sa bakinka a kan mamaci.

Ɗan Gwammaja: Don Allah jama'a, maganar kawuna fa. Barista, za mu iya kai mai shafin ƙara?

Maman Hanifa: Shi kansa Trump an tuhume shi sau huɗu a 2023, a New York ma aka same shi da laifuffuka 34 a watan Mayun 2024, kuma ya ci zaɓe a Nuwamba. Can ba ta hana mutum mulki ba, nan tana neman hana yarinya aure. Dangin angon nan su nake gani da laifi, ba su da tawakkali.

Abu Sadiƙ: Hajiya, ki yi musu adalci. Kowa yana bincike kafin ya haɗa zuri'a, addini ma ya yarda.

Maman Hanifa: Bincike a kan yarinya ko a kan fayil ɗin ofishin ubanta? Da ɗansu ne aka ambata, da cewa za su yi sharrin maƙiya ne.

Baristan Zariya: Sashe na 36 na tsarin mulki a fili yake: wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar. Musulunci ma ya ɗora hujja a kan mai da'awa. Kwamitin ma'aikata ba kotu ba ne, shawara yake bai wa gwamnati. A nan Najeriya mun ja kalmar mun kai ta inda masu ita ba su kai ta ba.

Malam Ticha: Yawwa. Shi ya sa na ce a fara da sanin kalmar.

Alhaji Shugaban Zaure: Dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Abin da muka fahimta shi ne kalmar ba zargin bakin titi ba ce, Barista da kansa ya gyara wa Ɗan Gwammaja wannan tun farko. Aikin hukuma ne da ake yi bayan duba takardu, kuma yawancin 'yan zaure sun yarda kwamiti ba ya ambaton mutum babu dalili. Mai shafin ya yi gaggawa, amma ba shi ya ƙirƙiri sunan ba. Shawarata kawu ya tattara takardunsa ya jira farar takardar gwamnati, wato matsayar da za ta fitar kan rahoton, a bar batun ƙara. Ɗan Jimeta, kai ka shigo mana da siyasa, na dakatar da kai daga rubutu har zuwa Juma'a. Allah ya ba mu alheri.