Gas ɗin girki a Sharon: wa ya gwada?

Mai Sharon, Ringim: Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in na yi lodin Kano na dawo, fetur da kuɗin tasha ke cinye cinikin. Ina so a juya min motar ta koma gas irin na girki. Don Allah wanda ya gwada ya gaya min, tana ja kuwa?

Direban Gumel: Wa'alaikumus salam. Tana ja, ɗan'uwa. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji bambanci ba, har injin ya fi laushin ƙara. Sai in ka cika lodi za ka wuce tirela, nan ne totur ke ɗan nauyi, dole ka rage giya.

Oga Makanike, Wudil: Gas yana shiga inji ne a matsayin iska, sai ya tare wurin iskar da injin zai shaƙa, shi ya sa ƙarfin ke ɗan sauka. Kuma litar gas ba ta kai ta fetur ƙarfi ba, mota takan ƙara sha da kamar kashi 20 cikin ɗari. Amma mu da kilo ake auna mana, kilo ɗaya kuwa ya kusa lita 2, yana yin aikin fetur wajen lita ɗaya da rabi. To ka duba kuɗin fetur lita ɗaya da rabi. In kilon gas ya gaza shi sosai, akwai riba. In sun yi kunnen doki, ka bar motarka yadda take, don kuɗin aikin ma ba zai dawo ba.

Baba na Kura: Ni injin ban ruwa na juya, a gonar tumatur ta Kadawa. Baƙin mai yana daɗewa bai yi duhu ba, fulogi ma tas. Matsalata asubar hunturu: ƙaramar tukunya sai ta yi sanyi ƙarara, injin ya dinga shaƙewa. Da na koma mai kilo 12.5 abin ya yi sauƙi.

Ƙaramin direba: To Oga, ba sai a ɗaure irin tukunyar Baba a but a ja tiyo ba? Ya fi arha.

Oga Makanike, Wudil: Kul, yaro! Tankin mota daban ne, ana ɗaure shi da ƙarfe, yana da bawul mai tsayar da cikawa a kashi 80, saboda gas na kumbura in zafi ya buga, ka kuma san ranar Afrilu a nan. Sannan wannan gas ɗin ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasan but yana jiran tartsatsi. Duk mahaɗar tiyo a shafa mata kumfar sabulu a gani.

Malam na Gaya: Gafara dai Oga, wannan ne gwamnati ke ta tallarsa?

Oga Makanike, Wudil: A'a Malam, nata CNG ne, wato wani gas daban da ake matsewa da ƙarfi a tukunya, matsinsa ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, na girki kuwa wajen bar 10 ne ko ƙasa. Kayan wannan ba sa ɗaukar wancan, kada wani ya ruɗe ku.

Direban Gumel: Shawarata, kar ka bar tankin fetur ya bushe. Da fetur motar ke tashi, sai ruwan lagireto ya ɗumama regileta sannan ta koma gas. Wani a tasharmu ya bar shi wayam, famfon mai ya ƙone.

Oga Makanike, Wudil: Ka ƙara da kula da bawul-bawul na cikin inji. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya su kamar fetur, mazauninsu yakan ci da wuri in ana ƙure inji. A sa sababbin fulogi da wayoyi masu kyau, don gas ya fi son wuta mai ƙarfi. In ta fara harbi ta wajen iyakilina, kawo ta kafin ta fasa wani abu.

Mai Sharon, Ringim: Allah ya saka da alheri. Saura wurin cikawa, don masu auna gas a garinmu tukunyar girki kawai suke ɗurawa. Na Gumel, kai a ina kake sha?

Direban Gumel: A Kano nake cikawa kafin in ɗau lodi. Mu haɗu a tashar Yankaba ran Litinin in nuna maka, ka kuma tuƙa tawa ka ji da ƙafarka.