Neman shawara: fina-finan Italiya na ɓarayi masu ban dariya

Ɗan Autan Zaure: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na gaji da fina-finan 'yan ta'addar Amurka, kowa fuska a murtuke, bindiga a ƙugu. An ce mini Italiyawa sun yi wasu a shekarun 1950 da 1960 waɗanda ɓarayin cikinsu dariya suke bayarwa. Ta ina zan fara?

Malam Mai Faifai: Wa alaikumus salam, Auta. Fara da I soliti ignoti na Mario Monicelli, 1958. Wasu matalautan birnin Rum ne suka haɗa kai za su fasa gidan jingina, inda talakawa ke ajiye kayansu su karɓi rance. Ka ji rundunar: Vittorio Gassman ɗan dambe mai in'ina da ake kayarwa tun wasa bai yi nisa ba, Marcello Mastroianni mai ɗaukar hoto da ke renon jariri saboda matarsa tana gidan yari kan fasa-ƙwaurin taba, sai wani tsoho Capannelle da ba abin da ke ransa sai loma. Dabararsu su shiga gidan maƙwabta su huda bango. Suka kwana suna fama, da bangon ya ɓulle sai ga su a kicin ɗin gidan da suke ciki. Suka zauna suka cinye tukunyar taliya da wake.

Hajiya Uwar Biyu: Haba Malam, ai ka gama masa labarin kaf!

Malam Mai Faifai: Hajiya, fim ɗin ya haura shekara sittin. Kuma duk wanda ya ga fuskokinsu a farko ya san ko kaza ba za su iya sacewa ba.

Hajiya Uwar Biyu: To Auta, ka lura da Totò, shahararren ɗan barkwancin Italiya, a ciki. Fitowarsa kaɗan ce: shi ne tsohon gwanin fasa akwatin kuɗi da ke ba su darasi a saman bene, tsakanin shanyar wanki. In ya burge ka, nemi La banda degli onesti na 1956, shi da Peppino De Filippo. Mai gadin wani gida ne faranti na buga takardar lira 10,000 ya faɗo hannunsa, ya jawo mai ɗab'i da mai fenti, suka buga jabu, sannan tsoro ya hana su kashewa. Ɗan Totò kuma a fim ɗin jami'i ne a hukumar da ke farautar masu jabun. Hakarƙarina sai da ya yi ciwo.

Yaya Direba: Wato Totò shi ne marigayi Ibro na Italiya ke nan?

Hajiya Uwar Biyu: Ta wajen sarrafa fuska da jiki, ka kusa.

Yaya Direba: Ni nawa shi ne Sette uomini d'oro, 1965. Ga launi, ga na'urori, ga zinariya tan bakwai daga wani banki a Janiba. Can akwai aiki, ba 'yan cin taliya ba.

Malam Mai Faifai: Yana da daɗin kallo, amma ba shi Auta ke nema ba. Waɗancan ƙwararru ne cikin kwat. Abin da ya sa na Monicelli ya daɗe shi ne yunwa: mutanen da bunƙasar arzikin Italiya ta bayan yaƙi ta bari a baya, suna kwaikwayon ɓarayin da suka gani a majigi. Tsokanar fim ɗin Rififi na Faransa ne, na 1955, mai dogon fashin nan da ba a cewa uffan. Kuma a na Monicellin, ana tsakiyar raha ɗayansu, Cosimo, jirgin titi ya take shi ya mutu, aka yi jana'iza, aka koma shirin sata. Ba a saba ganin mutuwa a fim ɗin barkwanci na Italiya ba kafin nan.

Baba Tsohon Ma'aikaci: 'Ya'yana, ba wanda ya ambaci Mafioso na Alberto Lattuada, 1962? Alberto Sordi ma'aikacin masana'anta a Milan ya kai iyalinsa hutu ƙauyensu a Sisili. Rabin farko dariya zalla, matarsa 'yar arewa tana fama da surukai. Daga nan mai gidan ƙauyen, uban 'yan Mafiya, ya nemi Sordi ya biya shi alherin da ya taɓa yi masa, aka sa Sordi a akwati aka kai shi Niyok ya harbe mutumin da bai sani ba. Kada ka kalle shi daren da kake son barci mai daɗi.

Ɗan Autan Zaure: Baba, wannan zan bar shi ƙarshe. Akwai mai sauƙi da zan kalla da ƙannena?

Hajiya Uwar Biyu: Operazione San Gennaro na Dino Risi, 1966. Amurkawa sun zo Napoli satar dukiyar waliyyin garin, Nino Manfredi ya shige musu gaba, suka zaɓi daren gasar waƙa da kowa har 'yan sanda ke gaban talabijin. Amma ka fara dubawa kai kaɗai, akwai shigar da ba ta dace da yara ba.

Ɗan Autan Zaure: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na Monicelli yana da ci gaba?

Malam Mai Faifai: Akwai, Audace colpo dei soliti ignoti, 1959, Nanni Loy ya ba da umarni. Sun tafi Milan satar kuɗin cacar ƙwallo. Babu Totò, babu Mastroianni, Manfredi ne ya shigo. Ka nemi mai fassara a rubuce a ƙasa, kada ka ɗauki wanda aka ɗora wa muryar Turanci.