Wata huɗu a Maraɗi da aikin intanet: Zariya, Ali Ɗan Sofo ko Burja?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka zauna Maraɗi, ba waɗanda suka ratsa ta cikin mota ba. Aikina fassara ne, Faransanci zuwa Hausa, duk ta intanet, inda na aje kwamfuta nan ne ofis. Na yi shekara biyu a Yamai, wata shida a Kwatano, yanzu ina Damagaram wurin gwaggona. Ina so in zo daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuli, wata huɗu kacal, don akwai tsofaffin da nake so in ɗauki muryarsu a Tibiri da Jiratawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutanen da nake wa aiki suna Kanada, tara na safensu ƙarfe biyun rana ce a nan. Daga biyu zuwa shida dole ina gaban kwamfuta ana magana ta bidiyo, kun kuwa san abin da ake kira biyun rana a watan Afrilu. In rezo, wato layin intanet, ya yanke sau biyu, an ba wani aikin. Ba ni da mota, ba ni da babur, ba ni da mata. Ɗaki da falo ya ishe ni, ƙarfina jika 60 a wata har da wuta da ruwa. An kawo min zancen Zariya 2, Ali Ɗan Sofo da Burja. Wacce zan kama?

Baban Ikilima:
Wa alaikumus salam. Ali Ɗan Sofo, ka rufe ido ka kama. Unguwa ce shiru, tituna masu faɗi, ga jami'a kusa. Akwai bila ɗaki uku da wurin aje mota kusa da ni, jika 120. Yara ma za su ji daɗin makarantun wajen.

Mai Fassara:
Na gode Alhaji, sai dai ba yara, ba mota, kuma kuɗin ya ninka nawa.

Bazazzagi:
Ku yi haƙuri, na ɗan ruɗe. Maraɗi za ka ko Zariya? Ai Zariya jihar Kaduna take. Kuma jika 60 nawa ke nan?

'Yar Mokoyo:
Hhhh malam, mu ma muna da tamu Zariyar, har guda biyu. Muna da Sabon Gari kuma, in kana so. Jika ɗaya sefa dubu ce.

Kawu Na Bagalam:
Yaro, duk wanda ya ce maka unguwa kaza ta fi, tambaye shi inda ruwa ke bi. Garin nan asalinsa a fadama yake, bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka hau da mutane tudu. Mu da aka haifa a Bagalam mun san hanyar ruwa tun muna yara. Sabbin unguwannin nan da kuke yabo, wasu filayen gonaki ne da kwazazzabai aka cike aka yi gini. Kai ka ce za ka kai Yuli, to damina za ta same ka. Ka sauka cikin gari, kusa da mutane, ɗaki jika 10 ma ana samu.

Wanda Ya Gani:
Ɗan'uwa, karanta wannan da kyau kafin ka ba kowa ko dala. Ni ma aikin intanet nake, ina haɗa wa 'yan kasuwa shafuka. A 2023 na kama ɗaki da falo a Zariya, gida sabo fil, fenti na ƙamshi, jika 35. Mai gida ya ce sai abans na wata shida, na biya. Abu ɗaya ban tambaya ba, mitar wuta. Ashe guda ce tak a gidan, mu masu haya uku da shi. Wata na farko aka kawo takarda, ya raba gida huɗu daidai wa daida, nawa ya kama jika 19. Ni da ke da fanka ɗaya, ƙwai biyu da kwamfuta! Sai daga baya na gane uwargidansa ƙanƙara take sayarwa, firiza biyu manya suna gurnani dare da rana a bayan ɗakina. Da na yi magana ya ce ai ni ne mai na'ura, na'urata ce ke shan wuta. Na kawo mishi cajar, ga ta kamar sabulun wanka, na ce Alhaji wannan ce ta fi firiza biyu? Ya ce shi bai yi boko ba.

Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wuta a farkon Agusta. Wannan ba laifin mai gida ba ne, kowa ya sha. Amma in an kawo ta awa biyu ko uku, da firizojin sun tashi sai ƙwan ɗakina ya koma ja kamar garwashi, caja ta ƙi ɗauka. Na yi wata biyu ina ɗaukar kwamfuta cikin jaka zuwa shagon mai cajin waya, ina zaune kan benci tsakanin wayoyi hamsin, injin wuta na ihu a kunnena, ina ce wa wani mutumin Abijan da nake wa aiki ya maimaita. Shi dai bai maimaita ba, wani ya samu.

Na daure na zauna don ba na son yawon neman gida. Sai ruwan 30 ga Agusta 2024, wanda duk ɗan Maraɗi ya san abin da ya yi, har rayuka aka rasa, Allah Ya jiƙansu. Gidan ashe a kwari yake, da rani ba ka ganewa. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kai min gwiwa. Kwamfutar na ɗora bisa kai kamar mai tallar fura, katifa da takarduna duk suka tafi. Na ce zan tashi, a ba ni sauran abans ɗina na wata uku. Yau gobe, yau gobe. Ƙarshe ya ce ruwa ya ɓata fenti, kuma a hannuna ya ɓaci. Wai ni na kira ruwan. Har yau kuɗina na wurinsa, na bar shi da Allah.

Ɗan Zariya 2:
Allah Ya mayar maka da alheri, amma kada ka shafa wa unguwa baƙin fenti saboda mutum guda. Zariya faɗi gare ta. Shekarata tara a nan, ruwa bai taɓa shiga gidana ba. Kuma jika 35 ɗaki da falo? An dai gan ka baƙo. Ni 20 nake biya.

Wanda Ya Gani:
Shekara tara ke nan da ka kama, malam. Fita yau ka nemo na 20 mu gani.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni na sa ƙanena a Zariya bara, jika 25, da banɗaki a ciki. Wanda Ya Gani, ba ka kai shi wurin mai unguwa ba? Irin wannan ai ba a bari.

Wanda Ya Gani:
Hajiya, na kai. Aka ce ina takarda? Babu, da baki muka yi, shaida ɗaya shi ne dillalin, shi kuma ya ce bai tuna ba.

Na Faransa:
Kai, farashin nan duk ƙarya ne. Lokacin da nake Burja jika 12 nake biya gida sukutum.

'Yar Mokoyo:
Yaya, wace shekara? Lokacin ana sayen buhun hatsi jika nawa? Kai da rabonka da garin tun kafin a kawo adaidaita.

Na Faransa:
Ko ina nan ina biya wa mutum huɗu haya a Maraɗi, na fi wasu da ke ciki sanin farashi.

Mai Sola:
Ku bar musun kuɗi, mutumin nan wuta da rezo ya tambaya. Wutar Maraɗi da Damagaram mafi yawanta daga Najeriya take, layin ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. In matsala daga can ce, ba ruwanta da sunan unguwa, Ali Ɗan Sofo da Bagalam duk duhu ɗaya. Kuma lokacin da ka zaɓa, Afrilu da Mayu, zafi na wuce 40, kowa ya kunna abin da yake da shi, lokacin ne aka fi ɗaukewa, da rana tsaka kuwa. To kada ka dogara da ita sam. Kwamfuta da fanka ƙarama ba su cin komai, faifan sola ɗaya da batir mai kyau sun riƙe ka awa huɗun nan. Ka nemi gidan da za a bar ka ka ɗora faifai bisa rufi, kuma mitarka daban, ta kati in da hali. Na rezo kuma, sayi layi uku, Airtel, Moov da Zamani, ka shiga cikin ɗakin da za ka kama, ka rufe ƙofa, ka kira wani ta bidiyo minti goma. Da rana ka gwada, da dare ka koma. Na ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, ɗaya na kamawa ɗaya sai an hau kujera.

Ɗan Fada:
Wutar da ta biyo ta Gazawa kuma kuna mamaki in ta gaza?

Kawu Na Bagalam:
Mai Sola, kai ai hajarka kake tallatawa. Mai sayar da laima kullum hadari yake gani.

Mai Sola:
Kawu, da girmanka. Na ce ya saya wurina? Kai ka taɓa yin taro ta bidiyo ko sau ɗaya? Ɗakin jika 10 da ka ce, gida ne mai mutum ashirin, ana daka ana surfe, awaki na kuka. Bature zai ce mi ke faruwa.

Kawu Na Bagalam:
Ban taɓa ba. Amma da wancan yaron ya tambaye ni kafin ya kama gida, da bai ɗora na'urarsa a kai ba.

Injiniya Ƙarami:
Tun 2025 Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, na aiki a Nijar da izinin hukuma, ni shi nake amfani da shi a Ali Ɗan Sofo. Sai dai don wata huɗu sayen kayan bai biya ka ba, kuma shi ma wuta yake ci. Ka duba ko akwai mai sayar da tikitin wifi kusa, ku daidaita da shi na wata. Burja ban san rezonta ba, amma tunda ba ka da abin hawa ka lissafa kuɗin kabu-kabu, don bayan Ali Ɗan Sofo nesa yake da babbar kasuwa.

Mai Fassara:
Madalla, wannan ya shige ni. To Burja fa, ba wanda ke zaune can yanzu? Kuma akwai mai yarda da wata huɗu kawai?

Ɗan Fada:
Kafin wata huɗu, ka tambaya ko akwai mai yarda da gwauro. Ni gida bakwai aka hana ni. Da an ji ba mata sai a ce "wallahi jiya-jiyan nan aka kama". Shawarata ka yi aure a Damagaram ka taho da ita, ya fi sola arha.

Hajiya Mai Atamfa:
Arha? Ka tambayi kuɗin akwati tukuna, ɗana. Amma gaskiya ni ma ban sa gwauro cikin gidan da ke da matan aure. Balle wanda za a ce yana ɗaki a kulle yana magana da Turawa, maƙwabta za su ce ɗan damfara ne. Ka fara zuwa ka gaida mai unguwa, ka samu dattijon da zai tsaya maka.

Mai Fassara:
Hajiya, fassara ce wallahi, har takardun asibiti da na noma.

Dillalin Gari:
Ɗan'uwa ka biyo ni ta ciki. Ina da ɗaki da falo a dukkan unguwannin ukun, mita daban, ba ruwa ba kwari. Kuɗin gani jika 2, in ka kama ladana haya wata ɗaya.

Wanda Ya Gani:
Ga su nan. Haka nawa ya ce, ba ruwa ba kwari.

'Yar Mokoyo:
Wata ɗaya kan zaman wata huɗu? Kuma kuɗin gani na mene ne, ido ne ba namu ba? Ni an zagaya da ni gida biyar a rana guda, kowanne jika ɗaya, na biya kabu-kabu nawa da nashi, biyu daga ciki da mutane a ciki suna shanya. Wai za su tashi ƙarshen wata.

Dillalin Gari:
Hajiya, mu ma takalmi muke kashewa. Mutum ya sa ka yawo cikin rana tun safe, ya ga gida, da dare ya zagaya ya samu mai gidan su gama ba ka sani ba. Sau nawa aka yi min? Kuɗin gani saboda irinsu ne. Kuma rabin wata ma ana karɓa, in mutum ya zo da mutunci.

Baban Ikilima:
Rabin wata daga mai haya, sannan ku zagaya ku karɓa wurin mai gida. Ni mai gida ne, na sani. Ku ne kuka tada farashin garin nan, gidan jika 30 ku ce a sa 40.

Dillalin Gari:
Alhaji, in mun ce a sa 40 ka taɓa cewa a'a?

Ɗan Zariya 2:
Nawa dillalin har yanzu duk sallah sai ya zo barka da sallah, shekara tara.

Mai Fassara:
Jama'a, Burja dai...

Na Faransa:
Dillalin Gari, tunda ka fito, gidan da na sa ƙanwata an ƙara jika 5 ba sanarwa, kuma an ce wani cikinku ne ya zuga mai gidan. Ku kuna da shugaba da ake kai wa ƙara, ko kowa gashin kansa yake?