Kubrus Turai ce ko ba Turai ba ce?

Baban Ɗaliba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙorafi ne ya kawo ni, kuma ina neman shawara a kansa. 'Yata ta biyu tana shekarar ƙarshe a jami'a a Magusa, a arewacin tsibirin Kubrus, wanda wasu ke kira Saifurus, kuma shekara uku ke nan mahaifiyarta ba ta taɓa ganin ɗakin da yarinyar ke kwana ba. Na yanke shawarar in kwashi iyalina, mu biyar, mu je mu yi kwana goma a can, mu ga yarinya, yara kuma su ga teku da idonsu, domin autansu bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga faɗi ba. Wani wakilin tafiye-tafiye ya karɓi kuɗin tikiti da na masauki, ya dafa ƙirji ya ce mini Turai za mu, kuma muna sauka za mu zagaya tsibirin yadda muke so. Sai bayan da na biya 'yar tawa ta bugo mini waya ta ce, "Baba, wanda ya sauka a filin jirgin Erjan na arewa da fasfon Najeriya ba a barinsa ya tsallaka kudu." Ashe tsibirin a rabe yake gida biyu, Turkawa a arewa, Girkawa a kudu. Ga shi babban burin mahaifiyarta shi ne ta ziyarci kabarin sahabiya Ummu Haram da ke kusa da Larnaka, kuma a kudu yake. Tun jiya ba ta ce mini uffan ba, ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa. Tambayoyina uku ne: wane wata ya fi dacewa da tafiyar, wane bakin ruwa ne mace mai hijabi za ta zauna da 'ya'yanta cikin natsuwa, kuma shin ina da hakkin in nemi wakilin nan ya mayar mini da wani abu daga kuɗina?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka, amma kuskuren ya fara ne daga kalmar Turai ɗin da ka yarda da ita. Wanda duk ya buɗe taswira zai ga cewa Kubrus tana can ƙuryar gabashin Bahar Rum, tazararta da gaɓar Turkiyya kimanin kilomita 70 ce, da Siriya kuma kimanin 100, alhali babban yankin ƙasar Girka yana nesa da ita da ɗaruruwan kilomitoci. A ilimin labarin ƙasa yammacin Asiya ake lissafa ta. Saboda haka ba arewa kaɗai ba, har kudun ma ba Turai ba ce.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Malam, da girmamawa nake cewa taswira ba ta sayen komai a kasuwa. Kubrus ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayun 2004, kuma tun 2008 kuɗin yuro take kashewa. Ƙasar da ke da kujera a majalisar Turai, take kashe kuɗin Turai, take bin dokokin cinikin Turai, me za a kira ta in ba Turai ba? Mu da muke aika kuɗi da kaya mun san inda Turai ta fara da inda ta ƙare.

Tsohon Ɗalibin Magusa:
Yallaɓai, shekara huɗu na yi a Magusa, kuma lirar Turkiyya ce kuɗin garin, da ita na sayi burodi na biya kuɗin mota. Abin da kake faɗa labarin kudu ne. A takarda an ce tsibirin duka ya shiga Tarayyar, amma an jingine aiki da dokokinta a arewa har sai ranar da aka sasanta. Babu jirgin da ke tasowa daga wata ƙasa ya sauka Erjan ba tare da ya bi ta Turkiyya ba, har wasiƙa ma sai an rubuta mata adireshin Marsin na Turkiyya kafin ta iso. Duk wanda ya ce wa Alhaji Turai za shi, to ya sayar masa da suna ne kawai.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ƙanena, ka tabbatar da maganata ba ka sani ba. Kai da bakinka ka ce a takarda tsibirin duka ya shiga, kuma takarda ita ce doka. Idan ɗan haya ya ƙi bin ƙa'idar mai gida, gidan bai tashi daga na mai shi ba.

Masoyin Usmaniyya:
Wannan misali na ɗan haya ya yi mini zafi, kuma ba zan bar shi ya wuce ba. Turkawan Kubrus ba 'yan haya ba ne. Tun da Daular Usmaniyya ta ci tsibirin a 1571 suke zaune a can, sun haihu sun binne kakanninsu, kafin Ingila ta karɓi mulkinsa a 1878. A watan Yulin 1974 sojojin da ke mulkin Girka ne suka ɗaure wa juyin mulkin da aka yi wa Shugaban Kubrus Makariyos gindi da nufin haɗe tsibirin da Girka, kuma shi ya sa Turkiyya ta shigo ranar 20 ga watan. Sannan a Afrilun 2004, da aka kaɗa ƙuri'a kan shirin Kofi Annan na haɗe tsibirin, Turkawan tsibirin kusan kashi 65 cikin ɗari suka amince, Girkawansa kusan kashi 76 suka ƙi, amma bayan mako ɗaya waɗanda suka ƙi ne aka buɗe wa ƙofar Tarayyar Turai. Idan wannan ita ce Turai, arewa ba ta yi asarar komai ba don an ce ba ta cikinta.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ɗan'uwa, ka faɗi rabin labari ka bar rabi. Jamhuriyar da aka ayyana a arewa ranar 15 ga Nuwamban 1983, ƙasa ɗaya tak ce a duniya ta amince da ita, wato Turkiyya, kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ayyanawar ba ta da inganci. Girkawa fiye da dubu ɗari da hamsin suka bar gidajensu a arewa a 1974. Unguwar Marash da ke gefen Magusa, wadda a da manyan otal-otal suka jeru a bakin ruwanta, ta shekara 46 a killace da waya babu kowa, sai a Oktoban 2020 aka buɗe wani sashe nata. Masu waɗannan gidaje su ma mutane ne, kuma adalci bai san addinin wanda aka zalunta ba.

Masoyin Usmaniyya:
Malam, ban ji ka ambaci ƙauyukan Turkawa da aka tashi daga 1963 ba, kuma ban yi mamaki ba, domin littattafan da aka koyar da mu da su daga ɓangare ɗaya suka fito.

Hajiya Uwar Gida:
Bayin Allah, Alhaji fa tambaya ya yi. Alhaji, na je sau biyu wajen ɗana a garin Girne da ke arewacin tsibirin. Kada ka kai yara a Yuli ko Agusta, zafin cikin tsibirin yana kai digiri 40, ga cunkoso ga tsadar masauki. Ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ya fi, rana ta yi sauƙi kuma ruwan yana nan da ɗuminsa. Ku nemi mota ku nufi Karfaz, can ƙarshen tsibirin ta gabas, akwai doguwar gaɓa mai farin yashi da ba a cika samun jama'a ba. Mun shimfiɗa darduma mun yi la'asar a kan yashin nan, jakunan jeji suna zuwa har gefen mota suna miƙo kai a ba su abinci. Ku tafi da ruwan sha da abincinku, kuma ku tuna ta hagu ake tuƙi. Hajiya kuma a ba ta haƙuri, a kai ta Masallacin Lala Mustafa a Magusa ta yi Juma'a.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Hajiya, masallacin nan da kika ambata ai shi ne hujjata. Majami'a ce da sarakunan tsibirin 'yan asalin Faransa suka gina da irin ginin majami'un ƙasarsu, daga baya aka mayar da ita masallaci aka kafa mata hasumiya. Tuƙin hagu kuma gadon Ingila ne. Duk inda ka juya a tsibirin nan Turai kake gani.

Malamin Labarin Ƙasa:
Idan tuƙin hagu ne ke mayar da ƙasa Turai, to Najeriya ma Turai ce kafin 1972, Kenya da Indiya kuma har gobe Turai ne.

Liman Ƙarami:
Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ana ta jayayya a kan Turai, an manta cewa tsibirin nan yana cikin tarihinmu tun zamanin Sayyidina Usman. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi barci a gidan Ummu Haram bint Milhan, ya farka yana murmushi, ya ce an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawa teku kamar sarakuna a kan gadaje, ta roƙe shi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu. Ta bi mijinta Ubada ɗan Samit a rundunar Mu'awiya, ta faɗo daga abin hawanta bayan sun fito daga teku, ta rasu. Wannan ne tsibirin da ake so a je a baje a bakin ruwa a tsakanin masu tsiraici. Alhaji, kuɗin mutum biyar na kwana goma ai ya isa ka kai Hajiya Umra.

Hajiya Uwar Gida:
Malam, a yi hattara da harshe. Na faɗa a fili cewa mun yi salla a bakin ruwan nan, kuma ban ga abin da ya sa na runtse ido ba a inda muka zauna. Uwa za ta je ganin 'yarta bayan shekara uku, wannan sada zumunta ne. Wanda bai taɓa tura ɗansa wata ƙasa ya kwana yana juyi ba, ya bi a hankali wajen yanke wa iyaye hukunci.

Liman Ƙarami:
Hajiya, ban nufe ki ba, kuma ina neman afuwa idan maganata ta taɓa ki. Amma tun da an zo batun tura yara, ai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye a Agustan 2020 kan tura 'ya'yansu karatu arewacin Kubrus. Da kalmar Turai ɗin nan aka ruɗi iyaye da yawa tun farko.

Tsohon Ɗalibin Magusa:
Malam, wannan magana tana yi mana illa, mu da muka yi karatu a can muka dawo da shaidarmu muna aiki da ita. An samu matsaloli, ban musa ba, kuma mafi yawansu daga dillalan da ke yi wa yara alkawarin aiki da hanyar shiga Turai suka taso. Amma a daina yi mana kuɗin goro. Na zauna ajinmu da Falasɗinawa da Iraniyawa da 'yan Kamaru, kuma babu wanda ya je can don yana zaton Landan ce.

Ɗan Maraɗi:
Da Alhaji ya yi shawara da mu tun farko, da Jarba na nuna masa a Tunisiya. Tsibiri ne a Bahar Rum ɗin nan dai, a nahiyarmu yake, kiran salla yana tashi ta ko'ina, kuma babu wanda zai tsaya gardamar ko Turai ce.

Ɗan Kasuwar Kwari:
'Yar Alhaji ba a Jarba take karatu ba. Kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini tambayata: ƙasar da take cikin Tarayyar Turai, me ya hana a kira ta Turai?

Tsohon Ɗalibin Magusa:
Abin da ya hana shi ne shingen da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, mai tsawon kusan kilomita 180, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Nikosiya. Na sha tsayawa a bakin mashigar titin Lokmaji ina kallon masu fasfon Turai suna wucewa da ƙafa cikin minti biyu, ni kuwa in juya in koma tashar mota. Ko kudun ma bizarta daban ce, kuma gwamnatinta tana ɗaukar shiga ta Erjan a matsayin shiga ta haramtacciyar hanya.

Baban Ɗaliba:
'Yan'uwa, na gode, musamman Hajiya. Amma maganar kuɗina da ke hannun wakilin nan fa? Gobe nake son in je ofishinsa.

Masoyin Usmaniyya:
Alhaji, kafin ka je, ina so a janye kalmar ɗan haya da aka yi amfani da ita a sama, domin har yanzu ba a janye ta ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Misali na buga, ban zagi kowa ba, kuma ba zan janye misali ba.

Shugaban Zaure:
Dare ya yi, zan rufe wannan muhawara da taƙaita abin da aka cimma. A fahimtata, mafi rinjayen hujjoji sun nuna cewa Kubrus ba Turai ba ce, kamar yadda Malam ya bayyana tun farko da taswira, wadda ni ma da ita na koyar shekara da shekaru kafin in yi ritaya, kuma ita ce ba ta canzawa da canjin gwamnati ko yarjejeniya. Batun Tarayyar Turai da ɗan'uwanmu na Kwari ya nace a kai siyasa ce, kuma wanda ya zauna a can shekara huɗu ya nuna cewa ba ta aiki a inda Alhaji zai sauka. Maganar 1974 ba muhallinta ba ne, ko da yake bayanin Malam ya fi cika. Nasihar Liman tana kan hanya, illa dai an yi mata gurguwar fahimta. Alhaji kuma ya kamata ya karɓi nasa kason na laifi, tun da taswira tana cikin wayar da ke hannunsa ranar da ya biya kuɗin. Mai son ci gaba da maganar wakili ya tuntuɓi Alhaji shi kaɗai. An rufe.