Ƙananan baburan daji na Italiya da injin AM6

Sani:
Assalamu alaikum. Masana babur, tambayata biyu ce. Me ya sa kamfanonin Italiya irin su Beta da Fantic suka dage a kan baburan daji masu 50cc? Sannan wanda zai sayi Beta RR 50 na hannu, me ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi?

Malam Iliya:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Doka ce ta buɗe wannan kasuwa. A Italiya ɗan shekara 14 yana iya hawa babur mai 50cc, muddin gudunsa bai wuce kilomita 45 a awa ba. Ga kuma tseren daji da suke kira regolarità, wanda ya yi ƙarfi a duwatsun Bergamo, yara na sha'awar irin baburan da ake tseren da su. An kafa Fantic a Barzago a 1968, shekara guda bayan nan ya fito da Caballero 50 mai injin Minarelli. Beta kuwa da keke ya fara a Florence tun 1905.

Yawancinsu ba sa ƙera injin 50cc da kansu, a wurin Minarelli na Bologna suke saye. Shi ya sa injin Minarelli AM6 ɗin da ke cikin Beta RR 50 shi ne a Yamaha DT 50 da Rieju da tsofaffin Aprilia RX 50, kayan gyaransa ba sa wahalar samu.

Usta Garba:
Injin mai bugu biyu ne, ruwa ke sanyaya shi, giyarsa shida. Ka je da safe, ka taɓa salansa ka tabbatar ba a ɗumama shi ba, domin injin da ringinsa ya cinye yana ɓoye aibinsa in ya yi zafi.

Fara da man giya. In ka ga ya yi fari kamar madara, sil ɗin famfon ruwa ya mutu, ruwan lagireto na shiga cikin mai. Gyaran ba tsada, amma in an daɗe ana hawa a haka, boris da kuloci sun sha wuya. Sabon mai 10W40 ne, wajen mililita 750.

Sai sil biyu na karanshaf. Na ɓangaren kuloci in ya lalace, injin na zuƙar man giya, hayaƙi ya yi kauri, man na raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Na ɓangaren wuta ya fi haɗari: iska yake ja, ka saki totur injin ya ƙi sauka, ƙarshenta fistin ya kama. Kwance fulogi ka gani: ruwan ƙasa lafiya, fari fat fetur bai ishe shi ba.

Hamza:
Ƙari kan bayanin Usta. Ka tambaya ko an cire famfon man injin. In an cire, dole a riƙa haɗa man injin da fetur da hannu, mililita 20 a kowace lita ta fetur, wato 100 a lita 5. Mantuwa ɗaya ta isa ta ƙone silinda.

Ka kuma auna silindar. Faɗinta na asali milimita 40.3 ne. Da yawa sun sa ta 47, wadda ake kira 70cc, suka bar ƙaramin jet, wato ramin da fetur ke bi, a kabiretar Dell'Orto, sai injin ya riƙa zafi fiye da kima. Ban da haka, babur ya fita daga rukunin da takardarsa ta nuna, in aka yi hatsari inshora na iya juya maka baya. Ni dai shawarata, nemi wanda ba a taɓa silindarsa ba, ko da ya ɗara tsada.