Wane suna za mu ba béton armé da Hausa?

Mai zanen gini: Jama'a, ana neman sunan Hausa na kalmar Faransanci béton armé, wato kankaren da Ingilishi ke kira reinforced concrete, don rubutu kan Auguste Perret, mai zanen gini ɗan Faransa. Shi ya jagoranci sake gina tsakiyar Le Havre a Faransa bayan jiragen Birtaniya sun yi mata ruwan bama-bamai a Satumban 1944. An yi aikin daga 1945 zuwa 1964, shi kuwa ya rasu a 1954. Ginshiƙansa tazarar mita 6.24 ce, su da bim (dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) ke ɗaukar nauyi, bango cike gurbi kawai. Ni na ce "ƙarfafaffen kankare".

Injiniya: Malam, bai faɗi da me aka ƙarfafa shi ba. Kankare na jure danna, amma ja sai kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan. Shi ya sa ake kwantar da rodi inda ja yake: ƙasan bim a tsakiya, samansa a kan ginshiƙi. In aka juya, bim zai tsage ko da siminti ya wadatu. Dole sunan ya ambaci ƙarfen.

Birkila: Yallaɓai, ai a wurin aiki "kankare mai rodi" muke cewa. Wanda babu rodi kuma zallan kankare.

Malama daga Zinder: To "kankare mai ƙarfe" fa? Ba kowa a nan ya saba da rodi ba.

Injiniya: Malama, a rubuce harafi ɗaya ya raba shi da "mai ƙarfi". Sannan zai haɗa da tsarin Eugène Freyssinet, injiniya ɗan Faransa, inda ake ɗame wayoyin ƙarfe tun kafin nauyi ya hau. Wannan daban ne. Rodin Perret yana zaune ne sai an ɗora kaya ya fara aiki.

Birkila: A ƙara da cewa rodi na son lulluɓi. A bakin teku kamar Le Havre a bar masa wajen milimita 50 na kankare. In ya yi kusa da fatar kankaren gishiri zai shiga, tsatsa ta kumbura, kankaren ya ɓare. Perret kuwa ba ya yaɓe, fuskar a buɗe take.

Mai zanen gini: To an tsaya kan "kankare mai rodi", na Freyssinet kuma "kankare mai ɗamammiyar waya". Saura bouchardage, dukan fuskar kankare da guduma mai haƙora har tsakuwa ta fito. Injiniya, "sassaƙe" zai yi?